Yadda za ka gane ko dokar albashin dubu 70 ta shafe ka

Jama'a tun watan Yulin 2024 da Tinubu ya sa hannu mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70, gwamna Mutfwang ma ya amince da shi wa ma'aikatan Filato, amma har yau a Jos sai ka ji yaron shago a Taminus yana cewa zai kai oga kotu. Ɗan'uwa tsaya tukuna, kafin ka ɗaga murya ƙirga ku nawa ne a wajen aikin. In ba ku kai 25 ba toh dokar ba ta hau kan ogan ba, haka masu aikin kamasho, da masu aikin 'yan awanni, da aikin da sai lokacinsa ya zo kamar na gona, duk an cire su. Ni dai wannan 25 ɗin bai min ba, don yawancin mutanenmu ƙananan wurare suke aiki, amma haka aka rubuta.

In kun kai, sai maganar takarda, nan ne ake cutar mutane wallahi. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce, albashi nawa, awa nawa, hutu, da notis ɗin sallama, mu kuma sai mu ce ai oga mutumin kirki ne mun yi magana da baki, ranar da aka ɓata kuma ba shaida. Ka nemi takardar cikin ladabi, ka daina goge alat ɗin banki, in a hannu ake biya a riƙa sa hannu a littafi.

Kar ka ga alat bai cika 70 ba ka hau faɗa, duba ko fansho aka cire, kashi 8 cikin 100 ake cira daga albashinka, kamfani kuma ya sa kashi 10, sai dai ka tabbatar kuɗin na shiga asusunka da gaske.

In an ƙi gyarawa fara da ƙungiyarku, sannan ofishin ma'aikatar ƙwadago, kotun ma'aikata ita ce ƙarshe kuma akwai reshenta a Jos.

Alhazai masu kamfani da makarantun kuɗi, ku ma ku sa a lissafi, yanzu duk shekara 3 za a riƙa sake duba albashin, ba 5 ba kamar da.