Yadda ake zaman jiran jirgi kafin hawan dutsen Vinson a Antatika

Duk wanda ya sa a ransa zai hau dutsen Vinson, wato dutse mafi tsawo a nahiyar Antatika mai tsayin mita 4,892, toh ya sani tun daga gida cewa ranar da aka rubuta masa a takarda ba lallai ita ce ranar tashi ba. Ba kamfani ke yanke ranar ba, ba matuƙin jirgi ba, iska ce da gajimare. Mutane suna shafe watanni suna atisaye da jaka a baya suna hawa bene suna sauka, amma ba wanda ke koya musu zaman otal da waya a hannu ana jiran kira, kuma wallahi wannan zaman yana karya mutum fiye da yadda ake zato.

Bari in fara da yadda hanyar take don ka gane inda ake maƙalewa. Yawancin masu hawan Vinson suna taruwa ne a Punta Arenas, wani gari a can kudancin ƙasar Chile a bakin mashigin Magellan. Daga nan jirgin kamfanin Antarctic Logistics & Expeditions zai ɗauke ku, tafiyar kusan kilomita 3,000, awa huɗu da wani abu, ya sauke ku a sansanin Union Glacier da ke cikin Antatika. Daga can kuma sai ƙaramin jirgi Twin Otter mai takalman zamiya a ƙafafunsa ya kai ku gindin dutsen, sansanin da ke kan ƙanƙarar Branscomb a wajen mita 2,100. Kaga kenan jira biyu ne kafin ma ka taka dutsen, kuma jira biyu ne a dawowa. Lokacin hawan ma gajere ne, daga Nuwamba zuwa Janairu kawai.

Dalilin jinkirin kuwa, filin da babban jirgin ke sauka ba kwalta ba ne, ƙanƙara ce zalla shuɗiya mai santsi wadda iska ta share dusar ƙanƙarar da ke kanta. Birki ba ya kamawa a kanta yadda yake kamawa a kwalta, saboda haka in iska na bugowa ta gefe da ƙarfi, ko dusar ƙanƙara ta lulluɓe filin, ko gajimare ya sauko ƙasa, ba maganar sauka. Kuma babu wani filin jirgi a kusa da za a ce a karkata can, dole matuƙi ya tabbatar yanayin zai zauna lafiya har ya isa. Wannan iskar gefen ce ma babban dalilin da ya sa aka bar tsohon sansanin Patriot Hills aka koma Union Glacier a 2010. Shi kuma ƙaramin jirgin matsalarsa ido ce, in sama ta yi fari ƙasa ta yi fari babu inuwa, matuƙi ba zai iya bambance tudu da kwari ba. Wanda ya taɓa zama a filin jirgin Malam Aminu Kano ranar da hazon hunturu ya rufe gari ana ta ɗage tashi ya san ɗanɗanon abin, sai dai na Antatika yana iya ɗaukar kwana da kwanaki, wani lokacin har ya haura mako.

Toh shirin yana farawa ne tun wajen sayen tikiti. Kar ka kuskura ka sayi tikitin dawowa mai arha wanda ba a canza masa rana, sayi wanda ake canzawa ko da ya fi tsada. Ka duba bizarka ta Chile da kyau, kwana nawa aka ba ka, kuma ka tambayi kamfanin da ofishin jakadancin ko fita zuwa Antatika da dawowa zai shafe ta, haka ma bizar ƙasar da za ka ratsa. A wurin aiki ka nemi hutun da ya wuce na takarda da aƙalla mako ɗaya, kar a sa ɗaurin auren ƙanwarka kwana biyu bayan ranar dawowa. Sai kuɗi. Tafiyar da kanta ta haura dala 40,000, mutane sukan zuba komai a ciki su manta cewa kuɗin otal da abinci na kwanakin jira a Punta Arenas yawanci daga aljihunsu zai fito. Ka ware wannan daban, kuma ka karanta takardar inshorarka layi-layi ka ga ko ta haɗa da jinkirin yanayi, don inshorar kwaso mutum in ya ji rauni daban take.

In kun isa Punta Arenas za a duba kayanku, a yi muku bayani, a auna manyan jakunkuna a tafi da su wajen jirgi tun kafin ranar tashi. Nan ne mutane da yawa ke shiga uku. Jaka ta tafi, an ɗage tashi, maganin hawan jininka yana ciki, cajar waya tana ciki, kayan sawa na gari duk suna ciki. Ka riƙe magungunanka da fasfo da caja da kayan canji a wurinka, tare da manyan takalman sanyi da rigar sanyi da safar hannu da tabarau da za ka sa kafin a buɗe ƙofar jirgi a can. Ka jera su wuri ɗaya a ɗaki kullum, don in kira ya zo ba a ba ku lokaci mai yawa, mota za ta zo ƙofar otal ne kawai.

Kar ka yi nisa da gari. Na san Torres del Paine, wato shahararren gandun yawon buɗe ido na Chile, na jan hankali, amma tafiyar awanni ce a mota, in sama ta buɗe kana can ba wanda zai tsayar da jirgi dominka. Cikin gari akwai abin gani, dandalin Muñoz Gamero inda mutum-mutumin Magellan, matuƙin jirgin ruwan da aka sa wa mashigin sunansa, yake, bakin ruwa, ga iskar garin da har takan tura mutum a kan titi. Ka riƙa tattaki kullum da ɗan hawa tudu don jiki kar ya yi sanyi, amma ba lokacin gwada ƙarfi ba ne, targaɗe ɗaya a ƙafa ya gama maka tafiyar. Mura ma haka, ka dinga wanke hannu ka guji cunkoso, tarin da ka ɗauka a gari zai bi ka har kan dutse inda iska busasshiya ce ƙwarai kuma sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Abinci kuma ka tambaya kafin ka ci don naman alade na shiga cikin abubuwa da yawa, kifi dai akwai shi a wadace.

Abu ɗaya da nake roƙonka, ka bar matsa wa jagoranku da tambayar yaushe za mu tashi. Shi ma jira yake. Kamfanin na da masu duba yanayi kuma suna sanar da lokacin da za a ba da sabon bayani, ka saurari wannan, ka daina zama kan manhajar yanayi a waya kana lissafin kanka, tana nuna maka rana a Punta Arenas alhali matsalar tana can kilomita dubbai. Mutanen gida ma ka gaya musu tun farko cewa shiru ko jinkiri ba alamar wani abu ya faru ba ne, in ba haka ba hankalin mahaifiyarka zai tashi a banza.

Jiran Union Glacier ni a ganina ya fi amfani in ka san abin yi. Akwai tantin cin abinci mai ɗumi, amma kar ka yini a ciki kana shan shayi. Ka fita da jagora ku maimaita yadda ake maƙala ƙarfen hawa a igiya da manyan safar hannu a hannunka, don a kan dutsen, tsakanin sansanin ƙasa da na sama, igiyoyi ne kafaffu a kan gangare mai tsayi kuma cire safa a wurin haɗari ne ga yatsu. Ku gwada jan kaya a kan ƙanƙara, ku gwada kafa tanti cikin iska. Kar ka wuce tutocin da aka kafa a gefen sansani, akwai ramuka masu zurfi da dusa ta rufe bakinsu. Batir da waya ka kwana da su cikin jakar barci, ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, ka shafa man kare fata don ranar wurin tana ƙona fuska sosai.

Rana kuma ba ta faɗuwa sam a wannan lokacin, sha biyun dare kamar hantsi. Ka tafi da abin rufe ido, ka kwanta da agogo ka tashi da agogo, sansanin lokacin Chile yake bi. Maganar sallah ka zauna da malaminka tun kana gida, malamai da yawa sun ce a irin wannan wuri ana ƙiyasta lokuta ne da gari mafi kusa da ke da dare da rana, ka rubuto jadawalin a takarda ka sa a aljihu.

In kun sauko daga dutsen jiran na iya dawowa sabo, a gindin dutse ko a Union Glacier. Saboda haka kar ka cinye duk abin da ka zo da shi a hawa, ka bar safa busasshiya ɗaya da ɗan dabino da maganin kwanaki a jakar da za ka ajiye a sansanin gindin dutse, kuma kar ka canza tikitin gida sai ƙafarka ta taka Punta Arenas.