Kurakuran da masu aikin sa-kai suka fi yi wajen tattara salsala da adana tsoffin takardu

Kaso mai yawa na bayanan da masu binciken salsala suke dogara da su a yau, ba ma'aikatan gwamnati ne suka kwafe su ba. Mutane ne da suka ba da lokacinsu kyauta, suka zauna gaban tsohuwar rajista suna kwafar suna bayan suna. Shirin FreeBMD, wanda aka fara a 1998, da hannun irin waɗannan mutane ya kwafe jerin sunayen haihuwa da aure da mutuwa na Ingila da Wales tun daga 1837, haka kuma da aka buɗe ƙidayar jama'ar Amurka ta 1940 ga kowa a watan Afrilun 2012, masu sa-kai ne suka gama jera sunayen mutum fiye da miliyan 130 cikin 'yan watanni. Sai dai duk wanda ya daɗe yana duba irin wannan aiki zai lura cewa ɓarnar da ta fi yawa a cikinsa ba daga malalata take fitowa ba. Masu himma ne suke yin ta, waɗanda suka ga abu ya karkace suka ce bari su miƙar da shi, garin neman gira aka rasa ido.

Babban kuskure shi ne gyara abin da takarda ta faɗa a lokacin da ake kwafarta. Mai kwafa yakan ga an rubuta suna da wani harafi daban da yadda ya saba gani, ko ya ga an ba mutum shekarun da ba su dace da abin da ya sani ba, sai ya rubuta abin da yake ganin shi ne daidai. Da zarar ya yi haka, ya shafe wata shaida, domin yadda magatakarda ya rubuta suna yana iya nuna yadda ake furta shi a wancan zamani, ko harshen da magatakardan ya tashi da shi, kuma yana iya zama abu ɗaya tak da zai bambanta mutum biyu masu suna iri ɗaya. Ƙa'idar da manyan shirye-shiryen kwafa suke bi ita ce a rubuta abin da ido ya gani, harafi da harafi, har da kuskuren. Idan mai kwafa yana da ra'ayi, ya ajiye shi a gurbin ƙarin bayani, ya kuma nuna cewa nasa ne. Inda harafi ya goge ko ƙwaro ya cinye shi, a sa alamar da ke nuna ba a iya karantawa, kada a cike gurbin da zato. Wannan ya fi muhimmanci a rubutun Larabci da sauran rubuce-rubucen da aka gina a kansa, inda ɗigo ɗaya da ya ɓace yake iya mayar da harafi wani harafin, sunan kuma ya koma na wani mutum dabam. FamilySearch, wata babbar cibiyar binciken salsala, ta taɓa shafe shekaru tana ba mutum biyu shafi ɗaya su kwafa ba tare da ɗaya ya ga aikin ɗaya ba, sannan na uku ya duba inda suka saɓa. Ko ƙungiyar da ba ta wuce mutum huɗu ba tana iya yin haka, kuma ya fi a gama shafi ɗari da sauri ba wanda ya sake dubawa.

Shekarun haihuwa da kwanan wata suna da nasu tarkon. Mutanen da ba su riƙe ranar haihuwarsu ba sukan ba da adadin da ya ƙare da sifili ko biyar, shi ya sa a tsoffin ƙidayoyi ake samun masu shekara 40 da 50 sun fi masu 39 da 51 yawa nesa ba kusa ba. A ƙidayar Ingila ta 1841 ma umarni aka bai wa masu ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa adadin da biyar ke raba shi, ta yadda mai shekara 29 zai fito a matsayin mai 25. Wanda ya cire wannan adadi daga shekarar ƙidaya ya rubuta sakamakon a matsayin tabbatacciyar shekarar haihuwa, ya ƙirƙiri abin da takardar ba ta faɗa ba. Abin da ya kamata shi ne a rubuta "wajen shekara kaza", a kuma faɗi inda lissafin ya fito.

Sauya kalanda kuwa ya fi wannan ruɗarwa. Ƙasashen da suka fara karɓar kalandar Giregori, wato ta Miladiyya da ake amfani da ita yau, sun tsallaka daga 4 zuwa 15 ga Oktoban 1582, Birtaniya ba ta bi ba sai 1752, lokacin da 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga wata, Rasha kuma sai 1918. Kafin 1752, shekara a hukumance a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka jaririn da aka rubuta an haife shi a Disambar 1720 ya rasu a Fabrairun 1720 bai mutu kafin haihuwarsa ba, wata biyu ya yi a duniya. Shekarar Hijira tana da kwana 354 ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka kusan kowace shekarar Hijira tana ratsa shekarun Miladiyya biyu. 1400 ta Hijira, alal misali, ta fara a Nuwambar 1979 ta ƙare a 1980. Mafita ɗaya ce a duk waɗannan: a kwafi kwanan watan yadda yake a takarda, a rubuta wanda aka juya a gefensa. A kuma riƙa rubuta sunan wata da haruffa, domin 03/04/1950 ga Ba'amurke 4 ga Maris ce, ga Baturen Ingila kuma 3 ga Afrilu.

Akwai kuma haɗa mutum biyu su zama ɗaya saboda sunansu ya zo ɗaya. A al'ummomi da yawa sunaye kaɗan ne suke yawo a cikin dangi, jika ya ɗauki sunan kaka, wani lokaci ma a sa wa ƙane sunan wan da ya rasu yana ƙarami. Suna shi kaɗai ba hujja ba ne. Sai an ga sunan uba ko na mata, da wurin zama, da sana'a, da zamani sun dace. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne lissafi. Idan jerin ya nuna mace ta haihu tana da shekara 60, ko tsakanin uba da ɗa shekara tara ce, ko kakanni huɗu kacal sun cike shekara ɗari uku alhali tazarar uba da ɗa a galibi ba ta wuce shekara 25 zuwa 35 ba, to an haɗa mutane ko an tsallake wasu. Kuskuren yana ƙara muni idan aka kwafo bishiyar dangi daga intanet aka zuba a cikin tawa ko taka ba tare da dubawa ba. Tsarin fayil na GEDCOM, wanda ya fito tun 1984, ya sa musayar irin waɗannan bishiyoyi ta zama aikin minti ɗaya, kuma da wannan saurin ne kuskure ɗaya yake bazuwa zuwa bishiyoyi ɗari. Ganin magana a wuri ɗari ba ya ƙara mata ƙarfi idan duk daga mutum ɗaya aka kwafo ta.

Wannan ya kai mu ga rashin rubuta madogara, wanda a ganina shi ne kuskuren da ya fi wahalar gyarawa daga baya. Suna da kwanan wata da ba a faɗi inda aka samo su ba, wanda ya zo daga baya ba shi da yadda zai yi da su illa ya sake binciken tun daga farko. Kowane bayani ya kamata ya zo da sunan takardar, da inda take ajiye, da lambar kundi da shafi, da ranar da aka duba ta, da wanda ya duba. Har binciken da bai haifar da komai ba a rubuta shi, domin sanin cewa an riga an duba rajista kaza ba a sami kowa ba yana hutar da wani.

Tarihin baka ana yi masa kuskure ta fuska biyu: wasu su yi watsi da shi don ba a rubuce yake ba, wasu su haɗiye shi duka. Dattijo yakan riƙe abin da babu takardar da ta rubuta, musamman sunayen mata da na 'ya'yan da suka rasu da wuri, waɗanda rajistoci suka fi mantawa da su. Amma masana tarihi sun daɗe da lura cewa jerin kakanni na baka yakan taƙaita a tsakiya, a riƙe wanda ya kafa gida da na kusa-kusa, a zubar da waɗanda ba su yi suna ba, kuma yakan karkata zuwa ga jingina dangi da wani shahararre. Gyaran shi ne a nemi izini a naɗi muryar, a fara da faɗin sunan mai magana da ranar da wurin, a tambaye shi abin da ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari da kuma wanda ya ba shi. A guji tambayar da ke ɗauke da amsarta, irin "ashe kakanku daga gabas ya zo?", domin mai ladabi zai ce e don kada ya kunyata baƙo. A ji ta bakin mutum biyu ko uku daban-daban, kowa shi kaɗai, idan kuma suka saɓa a ajiye duk ruwayoyin, kada a narkar da su a fitar da ɗaya mai daɗin ji.

Ita kanta takardar tana shan wahala a hannun masu ƙaunarta. Salatif yana mannewa yau, bayan wasu shekaru ya bushe ya faɗi, ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ya ratsa takardar har baya. Laminatin ya fi muni, domin zafi da gam suna haɗe takarda da roba ta yadda da wuya a raba su ba tare da ɓarna ba. Manyan gidajen adana takardun tarihi a Amurka sun yi shekaru tun daga 1930 da 'yan kai suna lulluɓe takardu da wani nau'in roba mai zafi, daga baya suka daina da suka ga illarsa. Ƙarfen maƙale takarda yana tsatsa, zoben roba yana narkewa ya manne, biro kuwa ba ya gogewa, saboda haka fensir kawai ake yarda da shi kusa da tsohuwar takarda. Takardar da aka yi da niƙaƙƙen itace tun daga tsakiyar ƙarni na 19 tana ɗauke da sinadarin da ke sa ta ja ta yi ƙarfi ta karye, kuma jarida ta fi kowace saurin lalacewa har tana shafa wa maƙwabciyarta, don haka a ware ta daban. A ajiye takardu a kwance, a buɗe ba a naɗe ba, cikin fayil da kwalin da ba su da asid, nesa da rana da bangon da ke tsattsafo da ƙasan ɗaki inda gara da ruwa suke fara isa. Danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari shi ne ake so. Idan ya haura 65 funfuna tana samun wuri, takardar da ta jiƙe kuma tana iya fara funfuna cikin kwana biyu. Hannu wankakke busasshe ya fi safar auduga wajen juya shafi, safa ta hotuna ce.

Kada kuma a sake jera tarin takardun mutum bisa son rai. Tsarin da mai su ya bar su a ciki shaida ne shi ma: wasiƙar da ba ta da kwanan wata, maƙwabtanta a cikin ambulan su ne suke faɗin zamaninta. Idan dole ne a raba, a ɗauki hoton yadda aka same su tukuna.

Masu ɗaukar hoto sukan ɗauki layin da ya shafi danginsu kawai, su bar bangon kundi da kan shafi inda aka rubuta shekara da sunan wuri, su kuma manta da bayan takarda da bayan hoto, inda sau da yawa sunayen suke. A ɗauki shafi cikakke har da gefunansa, da ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci ga rubutu, 600 ga ƙananan hotuna, a ajiye na asali a tsarin TIFF, wato nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, ba tare da an taɓa shi ba, a yi gyaran haske a kan kwafi. Hoton da aka tura ta WhatsApp an riga an matse shi, bai kamata ya zama shi ne ajiya ba. Sunan fayil ya faɗi abin da ke ciki, domin lambar da kyamara ta ba shi ba ta gaya wa kowa komai.

Kwafi ɗaya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce, ko da wurin gidan gwamnati ne. Gobarar Janairun 1921 a Washington ta lalata yawancin takardun ƙidayar Amurka ta 1890, ta Yunin 1922 a Dublin ta cinye ma'adanar takardun gwamnatin Ireland tare da mafi yawan ƙidayoyin 1821 zuwa 1851, ta 1973 a birnin St. Louis na Amurka kuma ta hallaka fayilolin sojoji sama da miliyan 16. Wani ɓangare na abin da aka farfaɗo da shi a Ireland ya fito ne daga kwafin da masu bincike suka yi da hannu kafin gobarar. Intanet ma ba ta da tabbas, domin da aka rufe GeoCities, dandalin da mutane ke buɗe shafukansu kyauta, a 2009 shafukan dangi masu yawa sun tafi da ita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini dabam, sannan a miƙa kwafi ga ɗakin karatu ko ma'adanar tarihi, a kuma tabbatar mutum fiye da ɗaya ya san kalmar sirrin shiga.

Saura batun masu rai. Ɗokin kammala bishiya yakan sa a wallafa ranar haihuwa da sunan mahaifiya da adireshin mutanen da ba a tambaye su ba, alhali da irin waɗannan bayanai ake damfara da sunan mutum. Gwamnatoci ma suna jira: Amurka tana rufe bayanan ƙidaya shekara 72, Ingila da Wales shekara 100, shi ya sa ƙidayar 1950 ta Amurka da ta 1921 ta Ingila duk sai a 2022 aka buɗe su. Ƙungiyar sa-kai ta rubuta tata ƙa'idar tun kafin ta fara tattarawa, ta ɓoye bayanan duk wanda ba a tabbatar da rasuwarsa ba, ta kuma karɓi izini a rubuce daga mai takarda ko mai murya, wanda zai fayyace abin da ya yarda a wallafa da abin da za a ajiye sai bayan wani adadin shekaru.