Darasi Na 7: Mutum Nawa Ke Riƙe Da Mabuɗin Saƙonka?

Tun shekarar 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo kafin ya bar waya. Hajiyar da ke sayar da abaya a Shara Mansur cikin Makka, in ta tura wa ƙanenta a Kano lambar asusun banki, a kulle saƙon zai tafi, kamfanin ma ba ya iya karantawa. Larabawa na kiran wannan kulle "tashfir".

Sai dai lambar waya ɗaya tana iya aiki a babbar waya da wasu na'urori har 4, kwamfuta ko wata wayar. Kowacce da mabuɗinta. Babbar wayar ce ke shigar da baƙuwar na'ura gida, lokacin da aka ɗora kyamarar babbar wayar kan hoton nan mai ɗigo-ɗigo da baƙuwar ke nunawa, wato QR. Daga nan duk saƙon da ya shigo, baƙuwar ma ta samu.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta kai waya gyara, ta bar ta a buɗe ta tafi sallar La'asar. Bayan kwanaki muka duba tare, sai ga kwamfuta a jerin na'urorinta, ita kuwa ko taɓa kwamfuta ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Malam, ashe cinikina duk a idon wani nake yi?"

Ga yadda muka duba. Shiga WhatsApp, nemi wurin na'urorin da aka haɗa. A wayar Larabci "al'ajhizatul murtabiɗa" aka rubuta. Wadda ba ka sani ba, taɓa ta, ka fitar da ita. Kada ka dogara da cewa za ta fita da kanta: sai babbar waya ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba.

Sai ɗaya ɓangaren. Ta yaya za ka san ƙanenka ne a can? Taɓa sunansa a saman hira, ka shiga "tashfir". Za ka ga lambobi 60, waɗanda ya kamata su zama iri ɗaya da na wayarsa. In ya zo Umara, ku haɗa wayoyi, ɗaya ya ɗauki QR ɗin ɗaya. In yana nesa, kira shi, ka ji muryarsa, ku karanta lambobin biyar-biyar. Da gajiya, amma ga mai tura kuɗi ba asara ba ce. Lambobin kan canja in ya sauya waya ko ya sake saka WhatsApp, don haka in an ce sun canja kuma ana neman kuɗi da gaggawa, dakata tukuna.

Lambobi 6 na rajistar WhatsApp da ke zuwa ta tes kuwa, ko wa ya roƙa, kada ka bayar.

Aikin gida: rubuta na'urori nawa ka tarar a jerinka. Gobe kowa ya zo da waya da caji, za mu gwada lambobi 60 ɗin bibbiyu.