Yadda ake hasashen wanda zai lashe Ryder Cup

Ryder Cup gasar golf ce ta kwana uku. Fara da lissafi. Maki 28 ake rabawa tsakanin Amurka da Turai: 8 ranar Juma'a, 8 Asabar, 12 Lahadi. Sai an kai 14½ ake ɗaukar kofi. In aka tashi 14–14, mai riƙe da shi ya koma da abinsa.

Sannan duba filin wa za a taka. Kyaftin ɗin masu masauki ke tsara filin, ya bar ciyawar gefe ta yi tsayi ko ya sa a aske ta. Rabon Amurka da nasara a ƙasar Turai tun 1993.

Inda masu hasashe ke tafka kuskure shi ne dogaro da jerin gwanayen duniya. A wasan foursomes, 'yan wasa biyu ƙwallo ɗaya suke bugawa bi da bi, don haka fahimtar juna ta fi suna. A Rum a 2023, Turai ta share wasannin foursomes na safiyar Juma'a 4–0, aka ƙare 16½–11½.

Kada tazarar daren Asabar ta rufe maka ido: a filin Medinah na Amurka a 2012, Turai na baya 10–6, ta farke.

Gasar 2027 a filin Adare Manor, Ireland: ni dai Turai na zaɓa.