Kurakuran da ɗalibanmu ke yi wajen auna masanin binciken kansa

Duk shekara sababbin ɗalibai na sauka Jidda da Riyad daga Kano, Zariya da Damagaram, masu neman digiri na biyu ko na uku a kan yaƙar kansa da garkuwar jiki. Duk shekara kuma tuntuɓe ɗaya suke yi idan aka zo zaɓen mushrifi, wato malamin da zai kula da bincikensu. Ƙannena, bakina ya gaji da maimaitawa, gara in rubuta.

Babban kuskuren shi ne dogaro da lambar h, ma'aunin yawan ambaton maƙalun masani. Yaro zai miƙo min waya, ya buɗe Google Scholar: "Yaya, dubi wannan duktur, lambarsa 60!" Jorge Hirsch, masanin fiziks, shi ya ƙirƙiro lambar a 2005. Mai lamba 60 yana da maƙala 60 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 60, iyakarta ke nan. Ba za ta gaya maka ko shi ya jagoranci aikin ba, ko kuwa sunansa na maƙale ne a tsakiyar mutum arba'in. Ba ta raba wanda ya gano sabon abu da wanda ya tattara ayyukan wasu ya rubuta maƙalar bita, alhali irin waɗannan kan kwashi ambato da yawa. Wannan lamba ita ta kai ni hannun wani da ba ya leƙa ɗakin gwajinsa. Samfuran jini suka lalace a firji ina jiran sa hannunsa, aikin da na kwana a kansa har yau bai fito ba.

Ku duba tarihin fannin mana. Tasuku Honjo ya gano wani furotin, PD-1, a Kyoto a 1992, ana zaton aikin furotin ɗin ya shafi mutuwar ƙwayar halitta. Sai daga baya aka gane birki ne da ke riƙe ƙwayoyin T, mayaƙan garkuwar jiki. Magungunan da ke sakin wannan birki, nivolumab da pembrolizumab, ba su samu izini ba sai 2014. James Allison ya nuna a 1996 cewa toshe CTLA-4, wani birkin na ƙwayoyin T, na sa jikin ɓera ya yaƙi ƙari, maganin da ke toshe shi, ipilimumab, bai fito ba sai 2011, kyautar Nobel ta same shi tare da Honjo a 2018. Aikin gaske yakan daɗe kafin lamba ta san da shi.

Ni abin da nake yi, nakan zaɓi maƙalu uku da sunan mutum ya zo a farko ko a ƙarshe, in fara karatu daga sashen yadda aka yi gwajin. Sannan in tambaya: wa ya ɗora a kan aikin nan? Ina ɗalibansa na baya suke? In samu ɗaya daga cikinsu bayan Isha'i, nesa da ofis, mu yi magana.

Kuskure na biyu ya fi ƙona min rai. Wani ya gwada abu a ɓeraye, ƙari ya ragu, kafin gari ya waye kun cika zaurukan WhatsApp cewa an gano maganin kansa. Haba! Ku ji tsoron Allah. Akwai mai jinyar mahaifiyarsa yana karanta saƙon nan. Daga ɓera zuwa gadon asibiti akwai matakai uku na gwaji a jikin mutane, kuma yawancin magunguna a hanya suke faɗuwa. Waɗanda aka amince da su ma ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma sukan sa garkuwar jiki ta juya kan hanji ko huhu. Kafin ka yabi masani, bincika ko aikinsa ya kai ga marar lafiya.

Sauran ƙanana ne. Kada ka auna mutum da makin mujallar da ya buga a ciki. Kada ka gwama lambar likitan kansa da ta masanin lissafi, kowane fanni da al'adarsa ta ambato. Cikin shafukan ƙirga ambato, Google Scholar ya fi Scopus kwashe-kwashe, ka duba duka biyun. Ka cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. Ka leƙa Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalun da aka janye, ko an taɓa janye masa maƙala. Mujallar da ta aiko maka wasiƙar yabo tana neman riyal, ta kuma yi alkawarin bugawa cikin mako guda, ka guje ta.

Kai ma, sunanka a fasfo Muhammad, a iƙama, katin izinin zama a Saudiyya, an juya shi wata siga, a maƙala Mohammed. Ka tsaya a kan rubutu ɗaya, ka buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, tun kafin maƙalarka ta farko ta fita.