Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Sayen Kujerar Fata Ta Zaman Yau Da Kullum

Yawancin masu sayen kujerar fata da ido suke saye. A shiga shagon kayan ɗaki, a ga saiti yana sheƙi ƙarƙashin fitila, a shafa, a ɗan ɗosana a tashi, sai a shiga ciniki. Alhali kujerar da za a yini a kanta, a sha shayi, a saurari labarai, a kishingiɗa bayan azahar, yara su hau su diro, jiki ne zai yi mata alƙalanci. Kuma zai yi alƙalancin ne a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ya sake yi a watan Janairu da iskar hunturu ke busar da komai.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen roba a matsayin fata. A kasuwa duka biyun leda ake ce musu, don haka kada ka tsaya a kan sunan. Tambayi mai shago kai tsaye: fatar dabba ce ko haɗin kamfani? Mafi yawan saitin da ke cika shagunanmu yadi ne aka shafe fuskarsa da roba, aka buga masa zanen fata da inji. Zafi da gumi su ne ajalinsa. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai fuskar ta fara tsagewa a wurin zama da inda ake ɗora hannu, ta riƙa ɓarewa tana manne wa tufafi, kuma babu man da zai maido da ita. Akwai wata wadda ta fi wannan ruɗi, wato ragowar fata da ake niƙewa a cakuɗa da gam, a shimfiɗa a kan yadi, a lulluɓe da roba. Mai sayarwa zai rantse akwai fata a ciki, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ita ma ɓarewa take yi kamar 'yar'uwarta.

Farashi kansa yana ba da labari. Fatar kujera daga ƙirgin shanu ake yin ta, kuma ƙirgi ɗaya bai cika wuce murabba'in ƙafa 50 ba. Saiti mai ɗaukar mutum bakwai zai lashe ƙiraga da dama. A Najeriya kuwa mafi yawan fatar shanu a tukunya take ƙarewa, ganda ake yi da ita. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano sun fi aiki da fatar awaki da tumaki, wadda ake fitarwa zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin fataken Sahara, amma ƙarama ce, ta fi dacewa da takalmi da jaka da tumtum. Shi ya sa fatar kujera ta gaske take da tsada a ƙasar da ta shahara da fata. Idan aka ce maka saitin fata ne zalla amma kuɗinsa bai fi na yadi da wani abin kirki ba, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Tantancewar ba ta da wuya. Ɗaga matashin zama, buɗe zif, ko ka leƙa ƙarƙashin kujerar inda aka ɗame bakin fatar da ƙusa, ka dubi bayanta. Bayan fata yana da gashi-gashi mai laushi, bayan roba kuwa saƙar yadi za ka gani. Danna babban yatsa a fuskar: fata tana yin ƙananan tamoji a kewayen yatsan, roba lotsawa kawai take yi. Dubi zanen jikinta, in ya zama iri ɗaya sak daga wannan gefe zuwa wancan, aikin inji ne, domin dabba tana da tabo da cizon ƙwari da wurin da ƙaya ta karce ta. Dubi ɗinki kuma. Bayan kujera mai tsawo wanda aka rufe da falle ɗaya babu haɗi ko ɗaya abin tuhuma ne. Hanci ma yana taimakawa, duk wanda ya taɓa ratsa layin dukawa a kasuwar Kurmi ya san ƙanshin fata. Gwajin ashana da wasu ke ba da shawara kuwa, bar shi, ɓarna ce a kan kayan mutane.

Wasu kamfanoni suna sa fata ta gaske a wurin zama da jingina da hannuwa, su rufe baya da gefe da roba mai launi iri ɗaya. Wannan ba aibu ba ne matuƙar an faɗa maka kuma kuɗin ya nuna hakan. Ni a ganina, wanda aljihunsa bai kai fata ba gara ya sayi yadi mai ƙwari da ya sayi roba mai sheƙi. Yadin zai tsufa a hankali, kuma ba ya kama jiki da gumi.

Ko a cikin fatar gaske akwai zaɓi, kuma nan ma ana kuskure. Wadda aka rina kawai ba a shafe fuskarta da komai ba ita ce mafi laushi da tsada, amma tana shan duk abin da ya zuba mata: miya, manja, man kitso, lalle. Gidan da ke da yara wadda aka yi wa shafen kariya ta fi dacewa da shi, ana gogewa ta fita. Launi ma abin lura ne. Fara ko ruwan madara tana ɗaukar rinin sabuwar shadda da na wandon jins, kuma fitar da shi aiki ne. Baƙa tana tona asirin ƙurar hunturu tun kafin a gama shara. Ruwan ƙasa da ruwan zuma sun fi rufa asiri.

Sai maganar zaman kanta, wadda saboda ita ake sayen kujerar amma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ka zauna aƙalla minti goma, irin zaman da kake yi a gida, ba zaman baƙunta ba. Cire takalmi, jingina, miƙe ƙafa, kishingiɗa. Kada kunyar yaran shago ta hana ka, kuɗinka za ka bayar. Idan ka jingina sosai, ya kamata tafin ƙafarka ya taka ƙasa, kuma bakin kujerar kada ya tokare bayan gwiwarka. Ga matsakaicin mutum, tsayin wurin zama daga ƙasa inci 17 zuwa 19 ya yi, zurfinsa daga baki zuwa jingina inci 21 zuwa 24. Mai son harɗe ƙafafu a kan kujera, kamar yadda da yawanmu muka saba, ya nemi mai zurfi, ya ƙara da ƙaramin matashi a baya. Gajeren mutum a kujera mai zurfi zai ƙare da zamewa gaba, bayansa ya lanƙwashe, ciwon ƙugu ya biyo baya. Mai son barcin rana ya auna tsakanin hannu da hannu na doguwar kujerar, in bai kai ƙafa shida ba zai kwana a takure, kuma ya duba cewa hannun yana da taushi kuma bai yi tudu da yawa ba, don shi ne matashin kai.

Kujerun nan masu sassaƙa da ruwan zinare, masu miƙaƙƙen baya, na falon baƙi ne. Suna da kwarjini, amma ba a yi su don hutawa ba. Haka kuma kujera mai nutsewa ƙasa-ƙasa azaba ce ga dattawa da mai juna biyu da mai ciwon gwiwa. In Baba ko Hajiya suna zaune tare da ku, a je da su, a ga ko za su iya miƙewa ba tare da an kama su ba.

Mutane suna ɗaukar laushi a matsayin inganci, kuma a nan soso yake yaudara. Soso mara nauyi yana da daɗin zama a ranar farko, bayan 'yan watanni sai ya kwanta, ka riƙa jin katako a ƙarƙashinka, fatar da ke kansa ta saki ta yi jaka. Ingancin soso a nauyinsa yake, ana auna shi da kilo a kowace kubik mita, wato dunƙulen soso mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri. Na wurin zama ya kamata ya kai wajen 30 ko ya haura, kaurinsa kuma inci biyar zuwa shida. Na jingina zai iya fin haka laushi. Danna da tafin hannu ka saki, mai kyau nan take yake dawowa. Matashin da ake iya cirewa, mai zif, ya fi wanda aka ɗinke da jikin kujera, domin ranar da soson ya gaji sai a canza shi kaɗai. In kafinta ne zai haɗa maka, ka sayi soson da kanka, ko ka je ka gani da idonka kafin a rufe. Sau da yawa a wannan gaɓar ake cusa marmashin soso a ciki a ɗora siririn falle a sama.

Abin da ke ƙarƙashin soson ma ba a cika tambaya ba. Ɗanyen katako yana ƙanƙancewa idan hunturu ya kama, ƙusoshi su saki, kujera ta fara ƙara tana rawa. Nemi busasshen katako mai ƙarfi irin maɗaci, wanda aka yi wa maganin gara, aka haɗa kusurwoyinsa da gam da sukuru, ba ƙusa kaɗai ba. Ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba kamar inci shida, in ɗayar ta gaba ta tsaya a ƙasa ba ta biyo ba, firam ɗin yana murɗewa. Tambayi kuma me ke riƙe da wurin zama. Wasu kafintoci tsohon tib na taya suke yankawa su ɗaura, shi kuwa zafi yana sa shi ya saki ko ya tsinke. Sifirin na ƙarfe ko ɗamarar da aka yi don kujera sun fi ƙarko. Kujera mai kwantawa da lantarki kuma, ka tuna da halin wutarmu, mai hannun ja ta fi sauƙin sha'ani.

Awo kuskure ne mai sauƙin kaucewa, amma kullum ana faɗawa. A auna falo, a auna ƙofa da lungu da matakala kafin a biya. An fi ganin wannan a kayan ɗakin amarya, inda iyaye ke sayen saiti tun ba su ga gidan ba, ranar jere a tarar kujeru sun cinye falon, babu wurin shimfiɗa darduma ko zama cin abinci a ƙasa. Doguwa ɗaya mai kyau da ƙanana biyu sun fi saitin mutum bakwai na roba amfani ga ɗiyarku. Mai sayen ta gwanjo kuma ya haska fitila cikin ɗinki da ƙarƙashi, saboda kuɗin cizo a nan yake ɓuya. Kowace iri ka saya, a rubuta a rasit irin fatar da nauyin soson, kuma in aikin kafinta ne kada ka cika kuɗi sai ka zauna a kai.

Bayan an kawo ta gida, kurakuran kulawa suke farawa. Ajiye ta jikin taga inda rana ke dukanta yana kashe launi ya busar da fatar. Barin ledar da aka naɗo ta da ita don kada ta yi datti yana tara gumi da laima, da damina sai fumfuna. Kaskon turaren wuta a kusa da ita haɗari ne, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta, haka ma fesa mata turare mai sinadarin barasa yana cinye shafen fuskar. Mafi muni shi ne goge ta da omo ko bilic ko kananzir, ko shafa mata man gyaɗa da basilin don ta yi sheƙi. Man girki yana shiga ya yi tsami, ya jawo ƙura, ya bar baƙin tabo.

Abin da take buƙata kaɗan ne. A share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, da hunturu kusan kullum, domin ƙurar da ta taru a ɗinki tana goge fatar duk lokacin da aka zauna. Sau ɗaya a mako a bi da ƙyallen da aka jiƙa aka matse sosai. Abin da ya zube a dangwale shi nan take, kada a murza. A shafa man da aka yi musamman don fatar kujera sau biyu a shekara, ɗaya gab da shigowar hunturu, bayan an gwada shi a wani ɓoyayyen gefe. Da bazara a shimfiɗa zanen auduga a wurin zama da inda kai ke taɓawa, yana hana mannewa, yana kuma tare gumi da man gashi. In ɗinki ya fara warwarewa ko wata ƙaramar yaga ta bayyana, a kira baduku ko mai gyaran kushin a makon, tun yatsun yara ba su gano wurin ba.