Darasi na 7: Sabar wa kunne da Turanci ta hanyar fodkas

Da yawa daga cikinku kuna iya karanta takardar Turanci ku gane abin da ta ƙunsa, amma da Bature ya buɗe baki sai ku ji kamar wani yare dabam yake yi. Dalili shi ne ido ya saba da Turancin, kunne bai saba ba. A rubuce, kowace kalma tana tsaye ita kaɗai, da fili tsakaninta da 'yar'uwarta. A baki kuwa mai magana yana manne kalmomi, yana cinye wasu sautuka. "Going to" takan koma "gonna", "want to" ta koma "wanna". Ga kuma sauri: a hirar yau da kullum akan furta kalmomi wajen 150 a minti ɗaya.

Fodkas shiri ne na murya irin na rediyo, sai dai a intanet ake ajiye shi. Za ku sauke shi a waya, ku saurara lokacin da kuka samu sarari, ku tsayar, ku mayar da shi baya sau nawa kuke so. Wannan mayarwa baya ita ce babbar ribarsa ga mai koyo. Ana samunsa a manhajoji irin su Spotify, Apple Podcasts da YouTube, kuma murya zalla ba ta cin data kamar bidiyo.

Ku fara da shirin da aka yi musamman don masu koyo. Sashen koyar da Turanci na BBC yana da "6 Minute English": mutum biyu suna hira na kimanin minti 6, su jefa tambaya a farko, su ba da amsa a ƙarshe, su kuma bayyana sababbin kalmomi. Muryar Amurka ta fara nata shirin na Turanci mai sauƙi tun 1959, da kalmomi kusan 1,500, ana karantawa a hankali. Na farko karin harshen Ingila ne, na biyu na Amurka. Ku riƙe ɗaya tukuna.

To, ga inda akasarin masu koyo ke kuskure: su kunna shirin awa guda suna wani aiki, su ce sun saurara. Sautin ya wuce ta kunne kawai. Gajeren shiri ɗaya da aka ji sau uku da natsuwa ya fi dogaye goma.

A ji na farko kada ku tsayar, kada ku buɗe ƙamus. Ku tambayi kanku kawai: su wa ke magana, a kan me? Ko kashi ɗaya cikin uku kuka kama, ya isa. A ji na biyu ku ɗauki biro, ku riƙa tsayarwa bayan kowace jimla mai wuya, ku rubuta abin da kuka ji ko da ba daidai ba ne. Sai a na uku za ku buɗe rubutaccen shirin, wanda BBC ke sakawa a shafinta, ku bi da ido murya na tafiya. A nan ne za ku sha mamaki, domin yawancin abin da ya kuɓuce muku kalmomi ne da kuka daɗe da sani, furucinsu ne ya ɓoye su. Ku ja layi a ƙarƙashinsu, ku maimaita su da ƙarfi kuna kwaikwayon mai magana, har inda yake ɗaga murya da inda yake sauke ta.

Idan saurin ya yi yawa, yawancin manhajoji suna da maɓallin rage shi zuwa 0.75, wato kashi uku cikin huɗu na saurinsa na asali. Ku yi amfani da shi a makonnin farko, amma kada ku zauna a kansa, don babu wanda zai rage muku sauri a wurin aiki ko a kan waya.

Aikin wannan mako: ku zaɓi shiri ɗaya da bai wuce minti 6 ba, ku ji shi sau uku kamar yadda aka nuna. Ku zo aji da jimloli biyar da suka ba ku wuya, za mu kunna su tare.